Gayyar Mayar da Ciyawa Ruwa

Kwarin Marke, ta Kirikasamma
Tsakiyar bazara

Zuwa ga ƙanena kuma taubashina Abdulmannan, a Lakwaja.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, da fatan aiki na tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata ta hagu da kunnena da ya ƙara toshewa. Saboda kunnen nan ne ka ga takarda maimakon waya. In na kara waya, ina ihu ana ihu, unguwa duk ta ji sirrina ni ban ji komai ba. Shu'ibu direba, mai kai bandar kifi kudu daga kasuwar Hadejia, ya ce ta garinku yake ratsawa, shi zai miƙa maka.

In ka manta da ni, Yelwa ce, jikar Malam Gambo, wan kakarka Hajja. Ni ce na goya ka ranar wani biki a Jahun ka jiƙa mini sabon zane, kuma har yau ban huce ba.

Ka san tafkin da ke bayan gidanmu, wanda ƙorama ta haɗa shi da kogi. Da can kacalla, doguwar ciyawar bakin ruwa, ita ce damuwarmu, muna yanka tana tsirowa, mun saba. Yanzu wata baƙuwa ta zo ta fi ta. Kamar kainuwa take yawo a kan ruwa, sai dai wuyanta a kumbure yake, ganyenta na sheƙi, ga fure shuɗi mai kyau. Farkon zuwanta har a kwano ake kawo ta gida don ado. Mai-fure muke ce mata. Yau ta rufe tafkin baki da baki, kaza ma ta iya takawa ta haye. Jirgi ba ya shiga, birgi, wato komar jefawa, ba ya nutsewa, bado ya ɓace, sauro kuwa ba a magana. Ni da nake bandar kifin bayan gida, yanzu sai na je Hadejia na sayo na wasu na banda.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Auta, wato Abdulfattah. Shi kaɗai ne namiji a ɗakina, kuma ban da kamun kifi ba shi da sana'a. Ya ce in an yi kaka zai bi abokansa Tafkin Chadi. Kai ka san can babansa ya tafi lokacin da ruwanmu ya fara lalacewa, aka yi tashin hankali a tsibiran, har yau ko hularsa ba mu gani ba. A kan labari na yi takaba, ban ga gawa ba. Jirginsa na nan kife a gindin marke. Wallahi ba zan sake ba ruwan nan mutum ba.

Da na je gaisuwar rasuwa garin Malam Madori na ji mahaifiyarka na cewa aikinka kiwon ƙwari ne, wai masu cin ciyawar ruwa. Mata suka yi ta dariya, ni ma na yi, don wa ya taɓa jin an yi boko har jami'a an ƙare a kiwon ƙwaro? A mota muna dawowa na daina dariyar, na tuna tafkina. In gaskiya ne, Sarkin Ƙwari, ka taimaki yayarka. In kuma fahariyar uwa ce, ka gaya mini in san inda zan nufa.

Yayarka,
Yelwa

*

Lakwaja
Ƙarshen bazara

Yaya Yelwa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin banda, har abokan aikina suka zagaye ni suna tambayar ina kifin. Muna lafiya. Allah ya ba gwiwa da kunne sauƙi. Zancen zane kuwa, ke kika ɗauki jariri da sabon kaya, ba ni da laifi.

Ba fahariya ba ce, ƙwaron gaskiya ne. Bai kai ƙwayar wake ba, ruwan toka ne, mai dogon baki. Daga ƙasar da ciyawar ta fito shi ma ya fito, can ƙetaren teku. A can ba ta fi ƙarfin kowa ba don yana tare da ita. Nan ta zo ita kaɗai, shi ya sa ta miƙe ƙafa. Babban yana kankare ganye ya bar ƙananan tabo. Tsutsarsa ce mai aikin: tana rarake kumburarren wuyan nan, ruwa ya shiga, ciyawar ta ruɓe ta nutse. Kafin tsutsar ta zama ƙwaro sai ta sauka cikin saiwa, a ƙarƙashin ruwa. Ki riƙe wannan da kyau: in aka fitar da ciyawar tudu ta bushe, an kashe zuriyar gaba ɗaya.

Zan gaya miki abin da ba za ki so ba. Ba shi da sauri. Damina biyu ko uku kafin a ga ruwa, kuma ba ya ƙarar da ita, rage mata ƙarfi yake yi. Kacalla ma ba ruwansa da ita. Saboda haka kada ki ce wa Abdulfattah tafki zai buɗe kafin kaka. Na san mijinki Yaya Sa'idu, shi ya fara sa ni a jirgi, kuma na san abin da ke ranki. Amma ba zan sayi zaman ɗansa da ƙarya ba.

Ba a sakin baƙon ƙwaro da ka. Cibiyarmu tana da izinin hukuma, kuma dama muna neman ƙaramin ruwa a yankinku da za a fara renonsa. Zan rubuta wa ma'aikatan gona na Hadejia, ke kuma ki nemi yardar Bulama, mai garinku. In an amince zan kawo su da kaina da zarar ruwan sama ya sauka. Sharaɗi biyu ne: kada a yi feshin magani kusa da tafkin, kada kuma kowa ya taɓa ciyawar, ko da ta kai ƙofar ɗakinki.

Ƙanenki,
Abdulmannan

*

Kwarin Marke
An yi shuka

Sarkin Ƙwari,

Sallama da gaisuwa. Da fatan ka koma lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi. Ka zo kamar an koro ka, ka juye mana bokitan ƙwari, ko tuwo ba ka tsaya ka ci na kirki ba. Zan riƙe wannan ma tare da na zanen.

Ƙurar motarka ba ta kwanta ba gari ya ɗauka. Wai Yelwa ta kawo ƙwaron da in ya gama da Mai-fure zai hau shinkafa. Kada ka ga laifinsu, mutanen da tsuntsayen jan-baki ke cinye wa gona suna kallo ba za su yi maraba da sabon baki ba. Wani har ya saɓo tankin feshi ya nufo tafkin. Na tsaya masa a hanya da muciya a hannu, na ce sai dai ya fara fesa ni.

Da na ga magana ba ta shiga, sai na yi abin da ka nuna mini. Na jera tukwane a zauren Bulama, na rufe kowace da tsumman gidan sauro. Ɗaya ganyen shinkafa, ɗaya wake, ɗaya riɗi, ɗaya tattasai, ta ƙarshe Mai-fure. Bulama da hannunsa ya zuba ƙwarin, shi kuma ya kwana da tukwanen don kada a ce na yi wani abu. Da aka buɗe bayan kwanaki, ganyen Mai-fure duk ya yi zanzana, sauran kuwa ko ƙwarzane babu, ƙwarin wasu sun mutu wasu sun lafe a jikin tukunya. Gaskiya sun ba ni tausayi, da yunwa suka zauna ga abinci a gabansu. Mai tankin feshi ya ce wataƙila azumi suke yi, aka yi dariya, aka tashi. Tun ranar ba wanda ya ƙara zancen shinkafa a gabana.

Kullum da hantsi nakan tsuguna a bakin ruwa in buɗa gindin ciyawar. Suna nan a maƙale, ba sa son rana. Tabon ya fara yawa ta gefen da ka zuba su. Auta yakan tsaya a kaina ya ce, "Inna, yanzu abin da bai kai ƙwayar wake ba kike jira ya share miki tafki?" Na gaya masa gaskiya yadda ka ce, damina biyu ko uku. Ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo, ya wuce. Zancen Chadi yana nan, har ya fara gyaran komarsa.

Saura magana ɗaya. Ka san al'adarmu, kafin ruwan kogi ya iso samari kan yi gayya gida-gida su share ƙoramu da tafkuna, mai wuri kuma ya tuƙa tuwo ya dama fura. Bana Auta ne shugaban samari. Na je na gaya wa Bulama a tsallake tafkina, na kuma faɗa masa dalili. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To Yelwa, Allah ya rufa asiri." Ban so yadda ya faɗe ta ba, amma na ce amin.

Adila, babbar 'yata da ke aure a Hadejia, ta kusa sauka. Zan je in zauna mata.

Yayarka,
Yelwa

*

Kwarin Marke
Tsakiyar damina

Abdulmannan,

Sallama. Adila ta sauka lafiya, mace aka samu. Lafiyata ƙalau.

Sun share tafkin. Na dawo daga Hadejia bayan suna, tun daga nesa na hango ruwa yana ƙyalli. Mai-fure duk tana tudu, an tara ta tsibi-tsibi sun fi ni tsawo, ana jira ta bushe a cinna mata wuta. Mata suka tarye ni da guɗa, wai albishir.

Ka san abin da ya faru? Ba mugunta ba ce, da ma mugunta ce da na san abin yi. A garin nan ba a taɓa jin wanda ya ƙi gayya ba sai wanda rumbunsa ya ƙare yana jin kunyar a sani. Da na ce a tsallake ni, abin da kowa ya ji shi ne: matar da ba miji, kifi ya ƙare mata, ba ta da hatsin ciyar da samari, ta fake da ƙwari. Har Bulama da ya ga tukwane da idonsa haka ya fahimta. Shi a ganinsa ya yarda ƙwaron ba ya cin shinkafa, amma bai taɓa yarda zai yi wani aiki ba. Sai suka jira na bar gari, kowane gida ya kawo ƙwaryar tuwonsa, suka yi mini gayyar rufin asiri. Auta ne a gaba. Ya ce ya gaji da jin ana tausaya wa uwarsa a majalisa.

Ya tsaya a gabana yana jira in sa masa albarka, ƙafafunsa duk sun tsage da ruwa. Na buɗe baki, abin da ya fito ba albarka ba ce. Na ce masa ya kashe mini abu ɗaya da na dogara da shi don in riƙe shi a gida. Ya juya ya tafi. Tun lokacin a zaure yake cin abinci.

Kuma ka san ruwan da suke murna da shi ba zai daɗe ba. Haka aka yi bara, kafin wata ya zagayo ta dawo daga ƙorama ta rufe.

Ka zo ka ga yadda aikin ƙwarinka ya koma. Ka gaya mini abin yi, da gaggawa. Zan ba Shu'ibu wannan gobe.

Yelwa

*

Lakwaja
Ƙarshen damina

Yaya Yelwa,

Wa alaikis salam. Barka da samun jika, Allah ya raya. Muna lafiya.

Takardarki ta daɗe a hanya, sai shekaranjiya ta zo hannuna. Na duba lokacin da kika rubuta ta, na san yanzu toka kawai ta rage. Na karanta inda kika ce in zo in ga yadda aikin ƙwarina ya koma. Na ji. Ban san zan zama mai laifi ba. Sharaɗi biyu kawai na kafa, na maimaita su a gaban Bulama, na maimaita a gabanki. Waɗannan ƙwarin mun daɗe muna renonsu, kuma ni na tsaya a gaban shugabanmu na ce a kai su garinku maimakon wani wuri, don na ce ina da 'yar'uwa a can da ba ta wasa da amana.

Ba ni da wasu da zan kawo bana. Baɗi ma ban sani ba, sai abin da aka yanke.

Maganar Abdulfattah kuwa, zan faɗa miki ko da za ki ji haushina. Kada ki ɗaure shi da alkawarin da ba mu iya cikawa ba. Saurayi ne, yana da hannu yana da sana'a, ruwan kuma ya ƙi. In ya dage sai ya tafi, ki sa masa albarka ya tafi da ita, ya fi ya tafi da fushinki. Ba kowa ne ya je bai dawo ba.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Abdulmannan

*

Kwarin Marke
Farkon kaka

Abdulmannan,

Sallama, don ita ba a hana ta. Muna lafiya, gwiwa ta kumbura amma na san dalili.

Haba jikan Hajja! Wa ya ce maka toka? Na ce za a ƙone, ban ce an ƙone ba. Kuma yaushe na ɗora maka laifi? Mace na kuka ta kira ɗan'uwanta ya zo ya gani, kai kuma ka zauna a ofis kana auna kalma. Ambaliya ce ta yanke hanyar Hadejia, motar Shu'ibu ta yi makonni a tsaye, takardata na aljihunsa. Ni kuma nan ina cewa fushi ka yi ka yi shiru. Layinka na ƙarshe kuwa, wai ba kowa ne ya je bai dawo ba, kada ka ƙara rubuta mini shi. Nawa bai dawo ba.

Yanzu ka saurara. Washegarin da na ba da takardar na ga ba zan iya zaman jira ba. An kwana ana ruwa, tsibin bai bushe ba sai sama-sama. Na cusa hannu ciki, sanyi ƙalau, na zaro ɗaya na buɗa gindinta. Suna nan! Na fasa wuyan, ga tsutsa tana motsi. Na tuna ka ce saiwa cikin ruwa take so. Na fara ɗiba da ƙwarya ina mayarwa, kafin azahar na gane ko shekara zan yi ni kaɗai ba zan gama ba.

Sai na sayo goro na tafi zauren Bulama. Na ajiye a gabansa na ce gayya nake kira. Ya ce ta me, ai an share miki. Na ce ta mayarwa. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce tun kakanninsa bai taɓa jin an kira gayya a mayar da ciyawa ruwa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa jin an kira gayya an dafa abinci mutanen garin nan sun ƙi zuwa?" Ya ce a'a. Na ce to gobe.

Na buɗe rumbu a gaban maƙwabta, da gangan. Na fitar da gero, na sa aka yanka akuyata, na kira mai ganga. Da safe na jera tukwane a bakin tafki yadda kowa zai gani. Mutane suka zo, amma kallo suka zo yi. Samari sun tsaya cirko-cirko suna ƙunshe dariya, wani na cewa gobe kuma sai ta ce a mayar da ƙaiƙayi kan gero. Na hau turmi don a ji ni, na ce, "Ga abincin da kuka ce ba ni da shi. Kun rufa mini asirin da ba a buɗe yake ba, na gode, Allah ya saka. Yanzu ku mayar mini da kayana inda kuka same su." Ba wanda ya motsa. Mai ganga ma ya sauke hannu. Na sauka na cika ƙwaryata na ɗora a ka na nufi ruwa da gwiwar nan tawa, ina jin idanu a bayana. Wallahi na ji kunya, ban taɓa jin irinta ba.

Ina juyowa sai na ga Auta ya tuɓe riga. Bai kalle ni ba. Ya rungumi ciyawa iya hannunsa, ruwan ruɓa na zuba masa a fuska, ya wuce ta gaban abokansa ya shiga tafki har ƙugu. Ya dawo ya ƙara. A na uku ya tsaya ya ce musu, "Ni na kira ku kuka fitar, ni nake kiran ku ku mayar." Mai ganga ya buga, shi ke nan. Kafin la'asar tudu ya koma fili. Suna yi suna waƙar tsiya a kaina, na ce ku yi, in dai da kaya a kanku.

Ta saman da ta bushe ta tafi da nata ƙwarin, ina jin an yi asarar fiye da rabi. Amma yanzu da nake rubutu akwai sabon tabo a kan sabon ganye, har ambaliya ta kwashi wasu ta kai ƙorama, na gan su a can ma.

Abokan Auta sun tafi Chadi makon jiya. Shi ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina ya ce zai jira damina biyu. Ya ce ba don ya yarda da ƙwari ba, don dai hannunsa ne ya ɓata. In sun cika ruwa bai buɗe ba, kada in tare shi. Na ce na yarda. Ka ga yanzu ni da ƙwarinka wa'adi ɗaya muke ci.

Yayarka duk da haka,
Yelwa

*

Lakwaja
Kaka

Yaya Yelwa,

Wa alaikis salam. Muna lafiya. Ki sa wa gwiwar nan ruwan ɗumi, ki kuma huta, in kin san yadda ake yi.

Na yi kuskure, ki yafe mini. Na karanta takardarki da zuciya, ban karanta da ido ba. Layin nan kuma da ban rubuta shi ba. Na karanta wa abokan aikina labarin gayyar, shugabanmu ya ce a sake karanta masa wurin turmi.

Rabin da ya rage ya isa, in an bar shi. Abu ɗaya zan gargaɗe ki tun yanzu don kada ya zo miki ba shiri: ranar da ciyawar za ta fara mutuwa da yawa, ruwan zai yi wari, ƙananan kifi za su iya mutuwa, don ruɓa tana cinye iskar da suke shaƙa. Mutane za su ce ƙwarin ne suka sa guba. Ba guba ba ce, kuma zai wuce in sabon ruwa ya shigo. Ki gaya wa Bulama tun kafin ya faru. Ki gaida Abdulfattah, ki ce kawunsa ya sara masa.

Ƙanenki mai laifi,
Abdulmannan

*

Kwarin Marke
Kaka, bayan damina biyu

Sarkin Ƙwari,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa da kowa. Muna lafiya, jikata har ta fara kirana da suna, ba kunya. Na san takardun da na aiko maka bara duk ƙorafi ne, wannan ka zauna ka karanta ta a natse.

Abin da ka faɗa ya faru a bazarar bana. Ciyawar ta daina fure, ta tsuke, ta yi ja, ta fara nutsewa. Wari kuwa har cikin tuwo. 'Yan kifin karfasa da suka rage suka taso ciki sama. Da ban riga na gaya wa Bulama ba, da an kore ni daga garin nan. Duk da haka akwai waɗanda suka daina amsa gaisuwata. Auta ya tsaya a bakin ruwan ya toshe hanci ya ce, "Inna, wa'adi ya kusa." Na ce na sani.

Da ruwan kogi ya iso ya wanke ruɓar, sai ga ruwa, na gaske, ba wanda aka share da hannu ba. Farko kamar faɗin tabarma, sannan ya yi ta buɗewa. Kada ka yi fahariya, ba duka ba ne. Mai-fure na nan a gefe-gefe, ƙanana, duk zanzana, kuma na hana a taɓa su don ƙwarin su samu na ci. Kacalla ta samu wuri ta matso ta gabas, ita sai lauje. Amma bado ya fito, na ga agwagin ruwa, kirinjijiya, sun sauka, sauro ya ragu, shinkafar kowa kuma lafiya lau. Mai tankin feshin nan ya zo da bokiti wai in sam masa ciyawa mai tabo ya kai ƙoramar gonarsa. Na ce sai na tambaye ka.

Kifi ne bai dawo da yawa ba, shi ya sa ban san me Auta zai yanke ba. Samari suka sa ranar tafiya Chadi. Alkawari na yi ba zan tare shi ba, don haka na soya masa ƙuli-ƙuli, na daka dakuwa, na ƙulle a tsumma na ajiye a kan komarsa. Ina dakan ina kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar tafiyar da safe na ji bugu ta gindin marke, ni da ba na ji. Na fita na tarar ya birkice jirgin babansa yana toshe tsagogin da tsumma da kwalta. Na je na riƙe masa gefe. Motar samari ta yi ta hon a bakin hanya har ta gaji ta tafi. Ya tura jirgin ruwa, ya jefa birgi a ciki, ya ɗauki ƙunshin guzurin ma ya tafi da shi. Guzurin Chadi a tafkin bayan gida aka cinye shi.

Ƙunshin da Shu'ibu zai ba ka tare da takardar nan karfasa ce, ba ta kai tafin hannu ba, kada abokan aikinka su yi mini dariya. Ita ce babba a cikin abin da Auta ya kamo, ni na banda ta da hannuna. Ka ci, na yafe maka zanen.

Ya fita da hantsi, Abdulmannan. Ina zaune a bakin ruwa ina ganinsa tun daga tafiya har juyowa, kuma kafin a kira azahar yana tsakar gida yana tambayata ko akwai sauran fura.

Yayarka,
Yelwa